Kano ta 1971 a cikin kyamarar waya: kundin aikin labarin zanena

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Wata biyar ke nan ina kan labarin nan mai shafi 24, kuma har yau ban wuce shafi na shida ba. Mutanen ba sa ba ni wahala. Fuska, hannu, naɗin rawani, faɗuwar babbar riga a kafaɗa, duk hannuna ya saba. Abin da ke cinye mini lokaci shi ne abin da ke bayansu: bango, lungu, ƙofar zaure, rumfunan kasuwa. Kwana uku na yi ina zana layin rumfa guda na Kasuwar Kurmi, da na gama ƙanwata ta leƙo ta bayana ta ce, "Yaya, wannan wace tasha ce?" Ban ce mata komai ba, na dai rufe kwamfutar.

Saboda haka na yanke shawara: zan je in ɗauko hotunan wuraren da waya, in shigar da su kwamfuta, in mai da su kamar zane, sannan in ɗora mutanena a kai. Masu zanen manga a Japan sun daɗe suna yin haka, har manhajar Clip Studio Paint tana da wurin da za ka ba ta hoto ta fitar maka da layuka da ɗige-ɗige. Sai dai ta kuɗi ce. Ni Krita nake amfani da ita, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutata tana iya ɗaukarta.

Labarin na wani yaro ne ɗan shekara goma, ɗan marini a Ƙofar Mata, da aka aike shi ya kai rawuna biyu Kurmi, ɗaya ya salwanta a hanya. A 1971 abin ya faru. Baƙi da fari zan buga shi, girman A5.

Talata, 10 ga Disamba

Na je karofin Ƙofar Mata da hantsi. Hazon hunturu ya sauka sosai, rana kamar an lulluɓe ta da farin mayafi, kuma na ji daɗin haka don inuwa ba ta da kaifi, komai yana fitowa a hoto. Kafin in ciro waya sai da na je na durƙusa na gaida wani dattijo da ke zaune bakin raminsa yana tsoma yadi yana ɗagawa. Na yi masa bayanin abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ɗauki ramukan duk yadda kake so, ɗana. Amma ni kar ka sa ni a jarida." Na ce, "Baba, ba jarida ba ce, kuma fuskar kowa ba za ta fito ba." Ya ce to.

Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin nan. Ramuka da yawa sun mutu, an bar su ƙasa da shara sun cike su, amma masu rai suna nan da kumfar shuni a saman ruwan, da warin nan na baba da toka da ke bin mutum har gida. Na ɗauki bakin ramukan daga kusa, da murafun da ake kifawa a kansu, da yadin da aka shanya, da gungumen da mabuga ke buga kaya a kai. Daga nan na bi lunguna da ƙafa har Kurmi, ina ɗaukar duk tsohon bangon ƙasa da na gani, musamman masu zanko a kusurwa. Hoto 140 na dawo da shi, da ƙura a hanci.

Lahadi, 15 ga Disamba

Gwajin farko ya faɗi warwas.

Na ɗauki hoton wani lungu mai kyau, na cire masa kala, na bi shi da matatar nan da ke mai da kowane ɗigo ko dai baƙi ƙirin ko fari fat. Ƙofar ƙarfe da wayoyin lantarki sun fito tsaf, wato abubuwan da ba na so ke nan. Bangon ƙasa kuwa, wanda dominsa na ɗauki hoton, ya koma kamar an watsa masa tsakin gero. Kyamara ba ta bar ko ƙwayar yashi ɗaya ba, kowace ta ba ta haƙƙinta daidai da na ƙofar gida. Da na ɗora yaron a kai sai ya ɓace a cikin hayaniyar, kuma inda ya fito ma kamar an yanko shi da almakashi an manna. Layinsa mai kauri ne, sumul, na hannu. Layin hoton siriri ne, tsinke-tsinke. Ƙafarsa kuma ba ta taɓa ƙasa, yana shawagi kamar ɗan aljani.

Na gwada matatu huɗu ko biyar na cikin G'MIC, wanda ke zuwa tare da Krita. Wasu sun rage tsakin, amma sun narkar da kaifin zanko ya koma kamar kunnen jaki. Da alama babu maɓallin da zan danna ya yi mini aikin.

Alhamis, 26 ga Disamba

Na kai wa Kawu abin da na yi, tunda daga bakinsa na fara jin labarin, kuma a 1971 shi saurayi ne. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuskarsa. Ya daɗe a kan gida ɗaya, wato akwatin zane guda a cikin shafi, wanda ke nuna titi a wajen ƙofar gari, inda na goge Adaidaita Sahu biyu na zana akori-kura a madadinsu.

"Wannan direban naka mutuwa yake nema?"

"Me ya yi, Kawu?"

"Hannun dama yake bi. A lokacin hagu muke bi, irin na Ingila. Sai shekarar da ta biyo baya aka juya."

Na duba, haka ne: ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta dama. Kuma ya ƙara mini da cewa kar in kuskura in sa naira a bakin ɗan kasuwata, don sai Janairun 1973 ta shigo. Fam da sule da kwabo ake ciniki da su. Na riga na rubuta "naira biyu" a wuri uku.

Na ɗauka gyaran titin mai sauƙi ne, in juya hoton kamar a madubi, dama ta koma hagu. Motocin sun koma daidai, amma inuwa ta juya, ga shi gidan da ke kusa da shi rana daga gabas take. Mai karatu ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma zai ji wani abu bai zauna ba. Dole na goge motocin na sake zana su.

Da hira ta yi daɗi Kawu ya tuno da mujallar African Film da suke karantawa a lokacin, ta kamfanin Drum, mai jarumin nan Lance Spearman. Ita zallar hotunan mutane ce aka jera gida-gida aka sa musu magana a kai. Ya ce, "To kai me ya hana ka yin haka ka huta? Ka samo yaro ka ɗauke shi hoto." Na ce ai yaron da nake so babu shi sai a alƙalamina. Ya ce, "Wahalar da kai dai."

Kafin in tafi ya sa na rubuta abubuwan da zan riƙa farauta a kowane hoto: ledar fiya wata, tankin ruwa na roba, farantin tauraron ɗan'adam, rumfar masu POS, fastar 'yan siyasa, bulo na siminti, takalmin soso mai rubutu. Ledar ce ta fi yawa. A hoto ɗaya na kwata na ƙirga goma sha bakwai.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na gano abin da ya sa yaron ke shawagi, kuma laifina ne tun daga wajen ɗaukar hoton.

Kowane hoto yana da layin ido, wato tsayin da kyamara take lokacin da aka ɗauka. Duk layukan da suka miƙe zuwa nesa, gindin bango da samansa da bakin kwata, a kan wannan layin suke haɗuwa. In a tsaye na ɗauki hoton a ƙasa mai shimfiɗe, to duk babban mutum mai tsayina da zan zana, kusa yake ko nesa, idonsa a kan layin zai faɗa. Yaro kuwa kansa yana ƙasa da layin. Ni ina ta ajiye shi inda ya yi mini kyau a ido, shi ya sa wani wurin ya yi tsayin ƙofa, wani wurin ya yi kamar ɗan tsana. Krita tana da abin da ke taimaka wa mutum ya kafa magamar layukan. Na bi gindin bango da saman bango na ja su har suka haɗu, na samu layin, na gyara gida tara a yini ɗaya.

Amma da na kalli gyararrun sai wani abin ya fito. Duk hotunan idon babba ne, yana kallon yaron daga sama kamar mai shirin yi masa faɗa. Labarin kuwa nasa ne. Lokacin da ya shiga Kurmi ya rasa rawanin, ya kamata rumfuna su yi masa rumfa da gaske, mutane su zama ƙafafu da gefen riguna. Don haka yau na koma na sake ɗaukar wurare goma sha biyu a tsugune, wayar tana kamar mita ɗaya daga ƙasa. Wani mai sayar da turare ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Na kuma daina amfani da babban idon kyamarar. Faɗinsa ya yi yawa, yana miƙe abin da ke gefe, kuma da ka ɗan ɗaga wayar sama sai bangaye su karkata kamar za su faɗo wa juna. Yanzu ina ja da baya in sa zum na biyu, in riƙe wayar a miƙe.

Litinin, 13 ga Janairu

An ɗauke wuta, batirin kwamfutar da ma ya mutu tuntuni. Aikin awa biyu na shafi na goma ya tafi, sai ɗan abin da manhajar ta adana da kanta. Na rage tazarar adanawar zuwa minti uku. Ba ni da abin cewa yau.

Juma'a, 24 ga Janairu

Hanya ta fara zama. Bari in rubuta ta tun ban manta yadda na iso ba.

Hoton nan ba ya shiga shafi a matsayinsa na hoto. Gida uku nake raba shi. Da farko ina rage haskensa ya yi dishi-dishi, in buɗe sabuwar leya, wato kamar wata takarda shara-shara, a samansa, in bi manyan layukan da hannu, da buroshin da nake zana mutane da shi, sai dai siriri kaɗan. Bakin rufi, ƙofa, dakali, zanko, azarar da ta leƙo. Ba na amfani da rula, don ginin ƙasa ba shi da miƙaƙƙen layi, hannun magini ne ya shafe shi, kuma ɗan karkacewar hannuna ta fi kama da shi. Na biyu, ina ɗaukar kwafin hoton in matse shi har sai baƙaƙen wurare kawai suka rage: cikin zaure, ƙarƙashin rumfa, bakin ramin rini. Wannan leyar ina sa ta a maltifilai, yadda farinta zai ɓace baƙinta ya zauna a kan zanen. Na uku shi ne fatar bangon, wannan tsakin da ya ba ni haushi a Disamba. Ashe yana da amfani in an san inda za a bar shi. Ina lulluɓe shi duka, sannan in buɗe shi a wurare kaɗan: gindin bango inda ruwan sama ya ci, kusurwar da yaɓe ya ɓantare. Kusa da fuskar mutum kuwa ba na barin ko ɗigo.

In na kimanta, abin da ke tsira daga asalin hoton bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran gogewa ce. Da can ina ganin masu yin wannan aikin kamar ragwaye ne masu satar hanya. Na janye.

Sai inuwa. Ita ce ke ɗaure ƙafar mutum da ƙasa. A wannan lokacin na shekara rana a Kano ta kudu take ratsawa, don haka ko da tsakar rana inuwa tana ɗan zubewa arewa, ba ta taruwa a ƙarƙashin mutum. Nakan nemi wani abu a tsaye a hoton, turke ko tulu, in ga inda inuwarsa ta nufa da tsawonta, in ba yaron irinta. Sannan in sa ɗan baƙi mai kauri daidai inda tafin ƙafarsa ya haɗu da ƙasa, in ja ƙwayar tsakuwa biyu ko uku su hau kan yatsunsa. Da na yi haka a shafi na bakwai, ƙanwata ta ce, "Yanzu kam ya sauko."

Gida ɗaya yana cin kamar awa ɗaya da rabi. Da kwana biyu ne ko uku. Ina shafi na goma sha biyar.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na hau Dala don babban gidan da ya cinye shafi na goma sha takwas, inda yaron ke kallon gari yana tunanin abin da zai gaya wa babansa. A nan hoto ya gaza. Abin da ke gabana tekun kwano ne, da benaye, da dogayen ƙarafan kamfanonin waya. Kawu ya ce a zamaninsu in ka hau nan yawanci soraye kake gani, jajaye kalar ƙasar da aka gina su da ita, da indararo a bakin kowane rufi, da dabino da kuka jefi-jefi. In na ce zan goge abin da bai dace ba, farar takarda za ta rage.

A intanet akwai tsofaffin hotunan birnin daga sama, wasu masu kyau ƙwarai, kuma zuciyata ta raya mini in ɗauko ɗaya in bi ta kansa. Na fasa. Hoto yana da mai shi ko da babu suna a jikinsa, kuma bin layinsa da alƙalami ba ya mai da shi nawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, amma ko ba doka, na san yadda na ji ranar da na ga zanena a jikin rigar da ban san wanda ya buga ta ba. Na dai kalle su don in fahimci yadda soraye ke jeruwa da yadda lunguna ke ratsa su, na rufe.

Daga hotona na ɗauki abu uku: duwatsun da ke gaba inda yaron zai zauna, tudun Goron Dutse a can nesa, da yadda hazo ke cinye gari a hankali har ya haɗe da sama. Tsakiyar duka da hannu na zana, rufi bayan rufi, kwana huɗu. Kuma shi ne shafin da na fi so.

Mutanen da suka faɗo cikin hotunan Kurmi ma duk na cire su, na zana wasu a gurbinsu. Matatar hoto takan ɓata fuska amma ba ta ɓoye ta, wanda ya san mutum zai gane shi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An gama shafi 24. Na kai maɗaba'a a buga mini gwaji, na dawo raina a ɓace. Duk inda na sa ɗige-ɗigen da ke ba da launin toka, sararin sama da inuwar rumfa, ya fito da wani zane kamar saƙar tabarma, wani wurin ma kamar igiyar ruwa.

Da na huce na bi diddigi, rabin laifin nawa ne. A girman A4 na yi shafukan, na sa ɗige-ɗige layi 60 a kowane inci, ina cewa ai ragewa ba ta ɓata komai. Daga A4 zuwa A5 kuwa komai yana komawa kamar kashi 71 cikin ɗari, wato layi 60 ya zama kusan 85, ɗigon ya yi ƙanƙanta. Sauran rabin na yaron shagon ne, da ya mai da fayil ɗin JPG kafin ya rage, gefen kowane ɗigo ya yi toka-toka, injin kuma ya sake ɗora nasa ɗige-ɗigen a kan nawa. Raga biyu in suka hau juna a karkace, wannan tabarmar suke haifarwa.

Maganin: na cire ɗige-ɗigen duka, na rage shafukan da kaina zuwa A5 a ɗigo 600 kowane inci, wato kusan fiksal 3500 a faɗi da 4960 a tsaye, na ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, sannan na sake sa ɗige-ɗigen a ƙarshe, baƙi da fari zalla babu toka. Allah Ya taimake ni launin tokar yana leyarsa daban. Na ce wa mai shagon, "Ranka ya daɗe, don Allah yadda na kawo shi haka za a buga, kar a taɓa girmansa." Ya ce an gama.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gwaji na biyu ya fito tsaf. Azumi jibi ko gata, ina so in sallami aikin kafin nan, don haka na ɗauki kwafin na koma Ƙofar Mata in cika alkawari, dattijon nan ya ga cewa fuskarsa ba ta fito ba.

Ya goge hannunsa a tsumma, ya karɓa da gefen yatsu. Ya gane raminsa nan take, har ya kira na kusa da shi ya nuna masa tsagewar da ke bakin ramin. Ita kam daga hoto ta zo, ban san ma tana nan ba. Ya yi ta buɗawa yana murmushi har ya kai shafi na uku, inda uban yaron ke miƙa masa rawunan. Sai ya tsaya.

"Wannan shi ne marinin?"

"Shi ne, Baba."

"Wannan ai malamin makaranta ne. Dubi hannunsa."

A hotunana masu rinin suna sanye da dogayen safar hannu na roba. Na san na zamani ne, na goge su, na zana hannu fari tas a wurin. Baba ya ajiye takardar, ya miƙo mini nasa hannun: farcen baƙi-shuɗi, layukan tafin duk shuni ya zauna a ciki, kuma wannan mai sa safa ke nan. Ya ce iyayensu da hannu tsirara suke tsomawa, shuɗin yakan kai musu har kusa da gwiwar hannu, ko Sallah ba ya fita.

Na roƙe shi in ɗauki hannun kawai, ya yarda. Na ɗauka sau shida, tafi da baya.

Uban yaron ya fito a gida goma sha ɗaya. A kowanne sai na sa masa ɗige-ɗige mai duhu daga yatsu zuwa gwiwar hannu, ya riƙa dusashewa yana hawa, kuma farce baƙi. Yaron ma ya kamata a ga ɗan shuɗi a yatsunsa, tunda yana taya aiki, shi kuma kusan kowane shafi yana ciki. Na kira maɗaba'a na ce su dakata sai bayan sati ɗaya.